Sista Sa'adatu, Wadda Ta Ƙi Yin Allura da Kwalba Marar Suna

Kafin ƙarfe bakwai na safe Sista Sa'adatu Umar ta riga ta iso asibiti. Ba ta tsayawa doguwar gaisuwa a bakin ƙofa, ko da yake ba mai raina gaisuwa ba ce. Wurin firij take nufa. Wani ɗan firij ne mai aiki da hasken rana, a kusurwar ɗakin magani. Ta buɗe, ta duba ma'aunin sanyi, ta rubuta abin da ta gani a takardar da ke manne a ƙofarsa. Sai sannan ta juyo ta ce wa mutane, "To, yanzu ina kwananku, ina gajiya, yaya mutan gida?"

Idan kuwa ranar da sabon magani ya iso ce daga Sakkwato, kowa ya san kada ya nemi Sista da hira. Za ta zauna, ta sa tabarau, ta buɗe kwali, ta zaro 'yar takardar nan da ake ninkewa a cusa ciki, wadda ni da ku muke yarwa ko mu ƙunshe goro da ita. In ta warware ta, ta kai faɗin faifai biyu, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, gaba da baya. Haka za ta bi ta layi-layi da yatsa, shayinta yana hucewa a gefe. In ta gama sai ta ja layi da jan biro a wuri biyu: inda aka faɗi abin da aka haɗa maganin da shi, da inda aka faɗi wanda bai kamata a yi wa ba.

Shekara talatin da biyar ta yi tana aikin jinya, kuma a ƙarshen watan nan take yin ritaya. Da a ce yabo kawai ya kawo wannan rubutu, da an yi shi cikin sakin fuska. To ba haka ba ne. Akwai wani mummunan suna da mu dattawan Talata Mafara muka laƙa wa matar nan, sunan ya zaga kasuwanni, ya hana iyaye kawo 'ya'yansu wurin magani. Ana so a wanke ta kafin ta bar kujerar, kuma babu mai wanke ta sai waɗanda suka ɓata ta.

Akwai wani ciwo da ake haifar yara maza da shi, wanda jininsu ba ya daskarewa. Yaro ya yanke ko ya ciji harshe, jini ya yi ta tsiyaya kwana da kwanaki. Ya faɗi a wurin wasa, jinin ya taru a cikin gwiwa, ta kumbura ta yi zafi. Ta wajen uwa ya fi biyowa. Wani sinadari ne babu shi a jinin yaron, maganin kuma shi ne a zuba masa sinadarin ta jijiya. Farin gari ne a 'yar kwalba, da ruwan haɗinsa daban. Ba ya zama a kemis ɗin unguwa. Taimako ne yake zuwa daga ƙasashen waje, ta hannun likitan jini a Sakkwato, kuma ba kullum samfuri ɗaya ke zuwa ba: wannan karo na wannan kamfani, wani karo na wancan. Yara goma sha huɗu ne masu wannan lalura a hannun Sista, daga Mafara, Bakura da ƙasar Maradun. Kowane yaro da katinsa, kowane kati da sunan duk samfurin da ya taɓa shiga jikinsa.

Ku tambayi Ɗantani wanzami yadda aka yi yaran suka kai haka, don rabinsu shi ya turo su. Ga abin da ya ce da bakinsa:

"Yaro ya taɓa mutuwa hannuna, kwana ukku bayan kaciya. Anka ce mayya ta, anka ce hannuna na da dahi. Na yi wata biyu ban taɓa aska ba. Sista ɗai taz zo har zaurena, tac ce, 'Sarkin aska, ba hannunka ba ne, jinin yaron ne.' Tun ran nan ba ni ɗora aska bisa yaro sai na aika an tambayi uwatai, cikin 'yan'uwanta maza akwai wanda jini ya taɓa ƙi tsaya mai? In anka ce akwai, ko raƙumi za a ba ni sai in ce a tahi wajen Sista."

Ta haka Abdulhadi ya zo hannunta. Jikan Alhaji Falalu ne, ɗan 'yarsa Amira da ke aure a Bakura. Yana ɗan shekara shida aka kai shi kaciya, Ɗantani ya yi tambayarsa, aka tuna da wani kawun Amira da ya rasu yana yaro, wanzami ya mayar da askarsa cikin zabira.

Alhaji Falalu dillalin shanu ne, kuma wanda ya san kara, kasuwar shanu, ya san shi. Ya buɗe bakin saniya ya gaya maka shekarunta, ya dubi tafiyarta ya gaya maka ciwon da mai ita ke ɓoyewa. Ya je Ikko, ya je Illela, ya kwana a tasha ya kwana a otal. Abin da yake alfahari da shi a duniya guda ne, cewa ba a taɓa sayar masa da abin da bai gane ba. Wannan jika kuwa shi ne rauninsa. Yakan ɗora shi a cinya yana cewa, "Kai ɗan nema, ka ƙwace min mata, ka ƙwace min nama cikin miya, mi yar rage?" Yaron ya ce, "Hularka, tsoho."

Wata shida ana yi wa Abdulhadi allura lafiya. Ran nan gwiwar hannunsa ta kumbura, aka kawo shi, ya zamana samfurin da ya saba ya ƙare, wani sabo ne a firij. Sista ta fara tura maganin a hankali, idonta a kan fuskar yaron, ba a kan sirinji ba. Bai kai rabi ba ta ga yana sosa wuya, borin jini ya feso masa a ƙirji, ya fara ɗan tari. Nan take ta zare allurar, ta kira likita, aka ba shi abin da ya kwantar da shi. Alhaji Falalu yana tsaye, ya ce:

"Sista, mi yaf faru? Ba maganin na ba?"

"Maganin ne, Alhaji, amma ba samfurin da ya saba ba. Jikinsa ya ƙi wannan."

"To mi anka zuba ciki?"

Nan ne wani ma'aikacin zai ce, "Sha'anin Turawa ne, Alhaji," ya wuce abinsa. Ita kuwa ta ga dattijo ya yi tambaya, ya cancanci amsa. Ta ɗauko takardar cikin kwali, ta shimfiɗa a tebur, ta fassara masa. Ta ce akwai gishiri a ciki, akwai ɗan sukari, akwai abin da ke hana garin lalacewa. Ta ce shi sinadarin hanya biyu aka fi samunsa. Wani daga jinin mutane ake tace shi, shi ne wanda Abdulhadi ya saba da shi. Wani kuma a masana'anta ake yin sa, da ƙwayoyin halitta da aka ɗebo tun da daɗewa daga wata 'yar dabbar ƙasashen waje, dangin ɓera. Ba yanka dabbar ake yi ba, ba dafa ta ake yi ba. Ƙwayoyin ake reno a manyan tukwanen ƙarfe, su fitar da sinadarin, a tace, a sake tacewa. Sai dai masu yin sa sun rubuta cewa ɗan ɓurɓushin da ido ba ya gani yana iya saura, kuma wanda jikinsa ba ya jituwa da shi kada a yi masa.

"Sauran yaran suna karɓarsa lafiya lau," in ji ta. "Ban ma tabbatar ba ko ɓurɓushin nan ne ya tayar masa, ko wani abu cikin kayan haɗin, wannan sai likita. Amma daga yau wannan samfurin ba ya shiga jikinsa. Karo na biyu yakan fi na farko muni."

Ta rubuta sunan samfurin da jan biro a katin yaron.

Cikin duk bayanin nan, kalma ɗaya Alhaji Falalu ya fito da ita. Bayan la'asar ya iso majalisarmu da ke gindin darbejiya kusa da tasha, bai ma gama gaisawa ba ya ce:

"Jama'a, kun san abin da aka ɗura ma ɗiyanmu asibiti? Romon ɓera!"

Aka ce, "Haba Alhaji!"

"Wallahi da bakinta ta hwaɗi, har takarda tan nuna min."

Wani ya ce, "Shi ya sa jikan nan naka ba ya barin gyaɗa ta kwana." Muka fashe da dariya. Wani ya ce to yanzu in kyanwa ta bi yaron kada a ga laifinta. Cikin wannan raha ne aka ce ai daga yau sunanta Uwar Ɓeraye. Wanda ya fara furta sunan yana nan da ransa, shi ne mai wannan rubutu.

Mu a wurinmu hira ce ta cinye yamma. Amma majalisar da ke bakin tasha, abin da aka faɗa cikinta mota yake hawa. Kafin Talata biyu maganar ta kai Bakura, ta kai Maradun, ta shiga ƙauyuka, kuma ko'ina ta sauka sai an ƙara mata gishiri. Aka ce a bayan asibiti take kiwon su. Aka ce najasa ce, wanda aka yi wa sallarsa ba ta karɓuwa. In ta hau kabu-kabu za ta gida, yara su bi ta suna tsuwa. Matar da ta fito daga gidan malamai a Maradun, wadda ta sauke Alƙur'ani tun kafin ta shiga makarantar jinya, ita aka mayar mai ɗura wa 'ya'yan Musulmi ƙazanta.

Gidaje biyar suka daina zuwa. A cikinsu akwai wata baiwar Allah, Hikima, daga Janbako, wadda takan goyo ɗanta Sadi ta biyo wannan muguwar hanya duk lokacin da gwiwarsa ta kumbura. Surukinta ya ji labari a kasuwa, ya ce in ta sake kai masa jika wurin Uwar Ɓeraye, to ta wuce gidansu daga can.

Sista ba ta zo majalisa ta yi mana bayani ba, ba ta kai ƙara ba. In ta wuce ta gabanmu sai ta rage murya ta ce, "Ina wuninku, iyayenmu." Mu amsa, in ta ba da baya mu ƙyafta wa juna ido.

Bayan kamar wata biyar, Abdulhadi ya yi famfara. Haƙorin gaba ne ya fita, abin da kowane yaro ke yi ya jefa bisa rufi ya ci gaba da wasa. Shi kuwa dasashinsa ya ƙi tsayawa. Kwana ɗaya, kwana biyu, matashin kai ya jiƙe, yaro ya fara fari. Amira ta ce a kai shi asibiti. Alhaji Falalu ya ce shi zai nemo magani da kansa, na mutane, ba na ɓera ba. Yana da wani abokin dillanci a Sakkwato wanda ɗan ƙanwarsa ke da irin ciwon, aka ce suna da 'yan kwalabe a ajiye. Ya buga sammako ran Talata, ya bar kasuwa, abin da bai taɓa yi ba. Aka ba shi kwalba huɗu, abokin ya ce masa, "Wannan na mutane ne zalla, haka na ji ana faɗi."

An gaya masa maganin ba ya son zafi. Sai ya sayi 'yar kular abinci da ƙanƙara a tasha. Kwalayen suka ƙi shiga. Mutumin da ya shekara arba'in yana loda kaya ya san abin yi: kwali ai sutura ce, kayan na ciki. Ya farke su, ya watsar da su da takardunsu, ya jera kwalaben cikin ƙanƙara, ya rufe, ya hau mota yana jin daɗin dabararsa.

A wannan safiya kuwa Amira ta saci jiki ta buga wa Sista waya, ta kuma kawo yaron Mafara. Sista ta sa masa auduga da magani a dasashin, ta ba shi ƙwayar da ke taimaka wa jini ya tsaya, ta kira Sakkwato, domin samfurin da jikinsa ya sani babu ko ɗaya a firij. Aka ce za a ba direba ya taho da shi.

Da azahar Alhaji ya sauka a tasha, ya ji inda jikansa yake. Mu uku daga majalisa muka raka shi. Ya dire kular a gaban Sista a barandar ɗakin yara, mata cike da wurin.

"Ga magani na kawo, na mutane. Yi mai."

Ta buɗe. Ƙanƙara ta narke tun a hanya. Kwalabe huɗu suna iyo tsirara, takardun da aka manna a jikinsu sun saɓule sun zama dusa a cikin ruwa. Ta ɗaga ɗaya, ta juya ta a haske.

"Alhaji, ina kwalin?"

"Kwali za ki ɗura mai ko magani? Na yas da shi tasha, kula ba ta ɗauka."

"To ba zan yi ba."

"Mi kinka ce?"

"Ranka ya daɗe, kwalba ba suna, ban san abin da ke ciki ba. In wanda jikinsa ya ƙi ne fa?"

"An ce min na mutane na!"

"Wa ya ce? Ba ni lambarsa, ya ɗauko mana hoton kwalin da ya rage a wurinsu. Minti biyar ne."

"Ni za ki bincika? Shekara arba'in ina sayen shanu, ba a taɓa ba ni takarda ba, ido nika sawa."

"Saniya kana buɗe bakinta ka gani, Alhaji. Wannan duk farin gari ne. Ni da nake haɗa shi kullum ban iya bambance su da ido."

Ya janyo yaron, ya nuna gaban rigarsa. "Dubi nan. Jini na ko ruwa?"

"Na gani, kuma ya ragu tun safe. Nasa yana hanya, kafin magariba in Allah ya so. Ka yi min haƙurin awa huɗu."

Alhaji Falalu ya dubi matan da ke kallo, ya dube mu. Da ɗaya daga cikinmu ya ce, "Alhaji, a kira mutumin mana," da magana ta ƙare a nan. Babu wanda ya ce. Sai ya ɗaga murya:

"Ba komi ba na, don ba naki na ba. Kin fi son ki jira na ɓerayenki. To Uwar Ɓeraye, riƙe asibitinki!"

Ran nan ne aka fara faɗa mata sunan ido da ido. Ta mayar da kwalbar cikin kula. Alhaji ya saɓi yaron a kafaɗa, Amira na kuka tana riƙe masa riga, ya fizge, ya ce a ɗauko kula. Ni na ɗauko ta.

Akwai wani mai kemis a bayan kasuwa, ba sai an kama sunansa ba, wanda ba ya mayar da allura in an kawo masa. Can muka nufa. Abin da ba mu sani ba shi ne, muna fita Sista ta sanar da likita, ta zari jakarta, ta jefa allurar gaggawa a ciki, wadda suke kira adiranalin, ta tare kabu-kabu ta ce a bi motar da muka shiga. Ranar kasuwa ce, shanu da amalanke sun toshe hanya. Daga ƙarshe ta sauka ta taho da ƙafa.

Mai kemis ya haɗa garin da ruwan allura na shagonsa, ya samu jijiya da ƙyar, ya tura. Alhaji ya dube mu ya ce, "To ina wahala nan?" Bai rufe baki ba yaron ya kai hannu wuya. Leɓɓansa suka kumbura muna kallo, idanu suka shige, numfashinsa ya koma fito kamar ana busa kara. Ya buɗe baki zai ce "tsoho", muryar ba ta fito ba. Mai kemis ya saki sirinji yana salati. Wani ya ce a kawo manja, wani ya ce a kawo nono. Alhaji Falalu, mutumin da ban taɓa ganin ya rasa ta cewa ba, ya tsaya riƙe da yaro yana kiran sunansa kawai.

Sai muka ji an ture mu. Sista ce, mayafinta ya zame, ƙafafunta duk kashin shanu. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta kwantar da yaron a benci, ta ɗage wandonsa, ta soka masa allurar a cinya. Ta fi kowa sanin cewa mai irin wannan ciwo ba a son a soke shi a tsoka, don wurin zai tara jini. Amma ta auna cinya da numfashi, ta zaɓa.

"Alhaji, durƙusa. Danne nan da ƙarfi, kada ka ɗaga sai na ce."

Ya durƙusa. Babbar rigarsa a cikin ƙasa, hularsa ta faɗi, hannayensa biyu a kan cinyar jikansa, ita kuma tana tsaye a kansa tana duban agogo. Can fiton ya fara sassautawa. Yaro ya ja iska, ya ja wata, ya fashe da kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

Aka mayar da shi asibiti, aka sa masa ruwa da iska. Maganinsa ya iso ana kiran magariba, dasashi ya tsaya. Cinyar ta kumbura kamar yadda ta zata, ya yi mako biyu a kwance. Washegari abokin Alhaji ya turo hoton kwalin ta waya. Sista ta ajiye wayar kusa da katin yaron, ta kira Alhaji ya gani. Bai iya karatun boko ba, amma dillali ya iya gwada abu biyu. Harafi da harafi, sunan da ke jikin kwalin shi ne wanda ta rubuta da jan biro.

Ke ce, Sa'adatu, aka zaga a gaban mata da yara, kika bi mai zagin da gudu cikin kasuwa don ki ceci jininsa. Ke ce kika san za a ƙi ki in kin faɗi abin da ke cikin takarda, kika faɗa, don ba ki iya yi wa mai tambaya ƙarya ba. 'Yar malamai, mai karatun da ba a gode mata. Da kin karɓi kwalbar nan kin yi allurar don ki huta da bakinmu, da a hannunki abin zai faru, da mun ce ga shi nan, mun faɗa.

Yanzu mai karatu zai zaci washegari muka taru muka ba ta haƙuri. Nan ne babbar kunyar take. Shekara uku muka yi ba mu ce komai ba. Mun dai daina faɗin sunan a majalisa, in ta wuce kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Amma sunan yana can yana yawo a ƙauyuka, babu wanda ya bi shi ya kamo. Gida biyu sun dawo da kansu. Sauran ukun, ita ta riƙa bin su a ranakun hutunta, a hanyoyin da maza ma ke tsoron bi saboda 'yan bindiga. Janbako sau biyu tana zuwa ana hana ta shiga gidan. Sadi ya yi ta kumburi ba magani, har gwiwarsa ta dama ta sandare. Yau shekararsa goma sha ɗaya, da sanda yake tafiya, kuma likita ya ce ƙafar ba za ta miƙe kamar da ba.

Alhaji Falalu ya gwada hanyar da muka saba. Da kakar shinkafa ya aika Amira da buhu guda gidan Sista. Ta karɓa, ta raba wa masu jinya, ta ce, "Ki gaishe min da Baba, ki ce na gode. Amma ki gaya masa ni ba a ɗaki aka ɓata ni ba." Saƙon ya iso, ya ji, ya haɗiye. Girman kai ya riƙe shi shekara biyu bayan nan.

Da labarin ritayarta ya fito, shi ya same ni. Ya ce, "In matag ga ta tahi da sunan ga bisa kanta, wadda za ta gaje ta ma ba mai kawo mata yaro. Kuma ni ban san ranar da za a kira ni ba." Talatar da ta wuce, da hantsi, lokacin da kara ta cika, ya ari lasifikar mai tallan magani, ya hau bayan a-kori-kura. Ya ce:

"Jama'a, ni na Falalu dillali, kun san ni. Maganar romon ɓera da kunka ji, bakina ta hito, kuma ƙarya ta. An yi min bayani, ban gane ba, na yi kamar na gane. Na so in kashe jikana da hannuna, Sista Sa'adatu tat tsamo shi. Wanda duk yad daina kai ɗansa asibiti don maganata, ya maida shi, alhakin na wuyana."

Ya miƙo min lasifikar, na faɗi nawa. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi kabbara, wani mahauci ya ce, "Yau dillali ya faɗi aibin kayansa!"

Da yamma muka je gidanta, muka zauna a zaure, muka nemi gafara. Ta ce, "Na yafe tun ranar, iyayena, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma Mafara ɗaya ce cikin kasuwannin da maganar ta je." Ta ba mu sunayen garuruwan. Bakura mun je, Maradun mun je.

Ku ma'aikatan asibiti masu tasowa, ku dubi matar nan. Ku karanta abin da za ku zuba a jikin ɗan mutum, ku rubuta abin da jikinsa ya ƙi, kuma in babban mutum ya tsaya a kanku yana tsawa, ku tuna ba shi za a soka wa allurar ba. Ku iyaye, magani da kwalinsa da takardarsa abu ɗaya ne, kada ku raba su, kuma duk wanda zai yi wa ɗanku allura ku fara gaya masa abin da ya taɓa tayar masa. Mu kuma masu furfura da ke zaman majalisa, in ba mu gane abu ba mu ce ba mu gane ba. Ba a mutuwa don an faɗi haka.

Sista Sa'adatu, mun gode. Allah ya sa hutun ya zama na lafiya, ya jiƙan mahaifan da suka koya miki gaskiya, ya saka miki da abin da ba mu iya ba. Saura Janbako. Ran kasuwarsu ni da Alhaji Falalu za mu je, mu yi magana a lasifika, sannan mu nemi iso gidan su Hikima. Ke kin yafe. Ita ba mu san abin da za ta ce ba, kuma duk abin da ta ce, a tsaye za mu saurare shi, yaron yana kallonmu.